Daga Fatoma Zuwa Biza: Yadda Takarda Ta Shiga Tsakanin Bahaushe da Masaukinsa

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa ba ɓoyayye ba ne, domin kowa ya ga yadda aka yi ta zagayawa da faranti a masallaci har Juma'a uku a jere. Yaron maƙwabcinmu ne ciwo ya kayar a wata ƙasar Larabawa. Ya shiga da bizar wata uku, ya yi shekara biyu yana aikin gini. Da ciwon ya fara sai ya ƙi zuwa asibiti, don ya san a bakin ƙofa za a tambaye shi takardar zama. Sai da ya faɗi a wurin aiki aka kwashe shi, aka yi masa tiyata, sannan aka kawo lissafin da ko uban ya sayar da shagonsa da babur ɗinsa bai kai rabi ba. Allah ya sa da sauran shan ruwa, yanzu yana gida. Amma ranar da muke ƙirga abin da aka tara, wani dattijo a sahun gaba ya ce, "Da a zamanin iyayenmu ne, ai fatomansa ne zai tsaya masa." Samari biyu da ke wurin suka tambaya, mene ne fatoma? Wannan tambaya ita ta hana mu barci.

Mu dai ba malaman jami'a ba ne. 'Yan kasuwa ne, sai ɗan abin da muka samu a Islamiyya da zaure, da abin da muka ji daga iyaye, da ɗan karance-karance. To amma ga abin da ya sawwaƙa.

Tun kafin Bature ya zo, Bahaushe matafiyi ne, kuma babbar tafiyarsa ita ce ta Gwanja, wato neman goro. Ayari kan tashi daga Kano da rani, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu da busasshiyar albasa. Su bi ta yamma, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su wuce Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan cinye wata shida, wani lokaci har shekara. Babu fasfo, babu hoto, babu tambari. Amma kada wani ya ɗauka cewa haka nan ake shiga ƙasar mutane kamar an shiga gonar gado. Kowace ƙasa da kuɗin ƙasarta. Madugu ne ke shiga gaban sarki ya yi gaisuwa, ya yi cinikin abin da ayari zai biya, a bakin kogi kuma a biya fito. In an biya, sarki ya ɗauki nauyin tsaronsu har su fita daga ƙasarsa. In an ƙi biya, to, 'yan fashin Bargu ba su da nisa, kuma sau da yawa su da masu karɓar kuɗin sun san juna. Wannan ita ce bizar wancan zamani, sai dai a baki take, kuma ta ayari ce gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba.

Wanda zai daɗe kuwa, sai ya nemi maigida, wanda ake kira fatoma. Fatoma Bahaushe ne da ya riga ya zauna a garin, ya ji harshen mutanen, sarki ya san shi. Shi zai ba ka ɗaki, matansa su ba ka tuwo, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in za ka ɗauki kaya bashi. In rigima ta taso, shi za a kira, ba kai ba. In ka kwanta ciwo a gidansa za a yi jinya. In kwana ya ƙare, shi zai yi maka sutura, ya ƙulle kayanka, ya riƙe su amana har ayari na gaba ya kai wa magada. Abin da yake samu shi ne la'ada a kan cinikin da aka yi a gidansa. Ku duba da kyau: abin da yau aka raba wa ofis huɗu, wato hukumar shige da fice da banki da kamfanin inshora da ofishin jakadanci, duk mutum ɗaya ne yake yinsa a zaurensa. Kuma abin da ke riƙe da shi ba doka ba ce, suna ne. Fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya, kafin damina biyu labarinsa ya kai Kurmi, ba mai sake sauka gidansa.

A kan wannan tsari zangon Hausawa ya tsaya ko'ina. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu, wasu Kete-Karaki, inda Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934, wasu Kumasi, wasu Ankara. A Ibadan an ware wa Hausawa unguwar Sabo a 1916, kuma wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda masu gidan Sabo ke riƙe da cinikin shanu da goro ta hanyar lamuni kaɗai. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955, ta wannan hanyar goro ya fara, mahaifiyarsa tana zaune a Ankara.

A wajen malamai abin yana da suna, ana ce masa amani. Wanda ya karanta Risala ya san cewa baƙon da aka ba amani, jininsa da dukiyarsa sun haramta, kuma ko mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar, ya hau kan saura. Da irin wannan ne Bature Barth ya yi yawo a ƙasar Hausa, ya shiga Kano a 1851, ya karɓi takarda daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Ashe mu ma mun taɓa zama masu ba Turawa izinin zama.

Takarda irin ta yau ta hanyar Makka ta fara kama mu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar a Sudan. Daga nan hanya ta buɗe. Talaka ya kan fita daga Kano ko Haɗeja da matarsa da jakinsa, ya bi ta Maiduguri da Fort Lamy da Abeshe da El-Fashir, yana tafe yana ƙodago. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, alhazanmu ne suka zama ƙashin bayan masu tsinka. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, wani ya haifi 'ya'ya ya aurar da su bai ga Ka'aba ba, kuma har ya mutu in ka tambaye shi zai ce maka shi alhaji ne a kan hanya.

Turawan Ingila abin ya dame su, ba don tausayi kaɗai ba. Suna tsoron aƙidar Mahadiyya, suna tsoron annoba, kuma ofishinsu na Jidda ya gaji da mutanenmu da guzuri ya ƙare musu, ga rahotannin ana sayar da wasu a matsayin bayi. Saboda haka tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka fito da tsari: maniyyaci ya yanki fasfon alhazai, ya ajiye wasu kuɗi a hannun hukuma, a yi masa lamba, ya bi ta Sawakin inda ake tsare mutane kwanaki don duba lafiya. Kuɗin ajiyar nan don jirgin ruwa ne da kuɗin tsarewa da kuma dawo da mutum in ya maƙale. In muka cire sunan, wannan shi ne kakan inshorar tafiya a wurinmu. Kuma yadda samarinmu ke gudunta yau, haka kakanninmu da yawa suka guje ta. Suka riƙa zagayewa ta Masawa da ƙananan gaɓoɓin Bahar Maliya, suna shiga kwale-kwalen Larabawa da dare. Wanda ya tsira ya sauka Hijaz ba takarda, ba wanda ya san ya shigo, ba wanda zai tambaya in ya ɓace. Saudiyya ba ta soke bauta a hukumance ba sai 1962, don haka ku auna da kanku.

Waɗanda suka tsaya a Sudan su ma takarda ta same su har gida. Dokar zama ɗan ƙasa da aka yi a ƙarshen mulkin Turawa ta ɗora sharaɗi a kan cewa asalin mutum ya kasance a ƙasar tun kafin shigowar Ingila a 1898. Mutanen Mai Wurno bayan nan suka zo. Sai ga jikan wanda ya haƙa magudanan Jazira ana ce masa Fallata, baƙo, yana fama kafin ya sami takardar jinsiyya. A Makka da Jidda kuwa sunan shi ne Takari.

Jirgin sama ne ya gajarta tafiyar. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano. Yaran yanzu sun san Wapa ta Fagge a matsayin wurin canjin dala da riyal, ba su san sunan daga nan ya fito ba. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 2006 aka yi NAHCON da muke da ita yanzu. Tafiyar shekara bakwai ta koma ta wata ɗaya, amma da sharaɗin da babu shi a da: ranar shiga da ranar fita duk a rubuce suke.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi taɓa gidajenmu, domin a unguwar nan akwai waɗanda aka haifa a Zangon Kumasi, kuma mu kanmu mahaifinmu a can ya yi ƙuruciyarsa.

Alamar farko ta bayyana tun shekarar da Gana ta sami 'yanci. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Lardan, saboda suna cikin jam'iyyar Musulmi mai adawa da gwamnati. Suka je kotu suka ce su a nan aka haife su. Kafin kotu ta yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka turo su Najeriya. Mutanen zango suka ce ai wannan rigimar manya ce, ta 'yan siyasa. Suka ci gaba da cinikinsu. A 1963 aka yi dokar baƙi, wadda ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba sai ya mallaki izinin zama. Ba wanda ya kula, kuma hukuma ma ba ta matsa ba. Mutumin da ya shigo tun Gana da Najeriya suna ƙarƙashin sarauniya ɗaya, suna kashe sulalla iri ɗaya, ya gina gida, ya binne iyayensa a can, wace takarda kuma zai nema? Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana asalinsu daga waje ne, kuma mafi yawansu haka suke zaune.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia, wadda ba ta cika wata biyu a kan mulki ba, ta ba da sanarwa: duk baƙon da ba shi da izinin zama ya samo cikin mako biyu ko ya fita, wa'adi 2 ga Disamba. Mako biyu! Kafin ka sami izini sai kana da fasfo, kafin ka sami fasfo sai ofishin jakadancinka ya san da kai, ga Najeriya a lokacin tana tsakiyar yaƙin Biyafara. Tattalin arzikin Gana ya tabarbare, samari ba aiki, sai aka nuna musu baƙo aka ce ga wanda ya tare muku kasuwa. Haihuwa a ƙasar ma ba ta wadatar ba in iyayenka duka daga waje suke.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kan ce bai taɓa ganin arha irin ta waɗannan kwanaki ba. Gidan ɗaki goma ana ba da shi a kuɗin mota. Keken ɗinki, gadon ƙarfe, tukwane, duk a bakin titi. Masu bin bashi suka zo da wuri, waɗanda ake bi kuwa suka ɓuya har wa'adi ya cika. Kuɗin da ke banki ba a barin ka fita da su sai ɗan kaɗan. Aka cika manyan motoci zuwa Aflawo, wasu suka yi kwanaki a tashar jirgin ruwa suna jira, mata suka haihu a hanya, tsofaffi suka mutu a hanya. Mutane sama da dubu ɗari suka nufo Najeriya, Yarabawa sun fi yawa, sai Hausawa, ban da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo da suka nufi nasu ƙasashen. Akwai yaran da aka sauke a Kano da Sakkwato suna jin Tuwi fiye da yadda suke gane hanyar gidan kakansu. A 1970 aka ƙara da wata doka da ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa ga 'yan ƙasa, don wanda ya tsira da takarda ma kada ya tsira da teburinsa. Soja sun kifar da Busia a Janairu 1972, amma gidan da aka sayar ya sayu.

Abin lura a nan, kuma shi ne zuciyar wannan rubutu: tsarin fatoma bai gaza ba don mutane sun lalace. Ya gaza ne don shi kansa fatoman an wayi gari baƙo ne. Sarkin zango da liman da maigidan da ke tsaya wa mutum ɗari, duk a mota ɗaya aka loda su da yaransu. Lamunin baki yana aiki ne muddin sarkin ƙasa ya san fuskar mai lamunin. Da mulki ya koma hannun ma'aikatar cikin gida a babban birni, sai ya zama ba a san fuska ba, sai lamba.

Sai mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ce. Abin da aka yi mana, mun rama, har da ƙari. A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas, a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta zai iya shiga wata ba biza ya zauna kwana 90. Kuɗin fetur ya jawo 'yan Gana da Nijar da Chadi da Togo, malaman makaranta da magina da masu gadi. Ba wanda ya ƙirga musu kwana 90 lokacin da ake buƙatarsu. Da farashin mai ya faɗi, ga rikicin Maitatsine na Disamba 1980 da aka ɗora wa baƙi, ga zaɓe na tafe, sai ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba marasa takarda mako biyu. Mako biyun nan dai na Busia. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Iyakar Gana a rufe take a lokacin, mutane suka taru a Seme da Kwatano da Lome cikin rana da ƙishirwa kafin Rawlings ya buɗe. Jakar nan mai zane-zane da kowannenmu ke zuba kaya a ciki, daga nan ta samo sunanta. Muna yara a lokacin, mun ga an kwashe malamin lissafinmu, kuma mun ga mahaifinmu ya yi shiru kwana biyu ba ya cin abinci sosai. A 1985 gwamnatin Buhari ta sake yin wata korar, iyakoki kuma a rufe tun 1984, a daidai lokacin da fari ya ci Nijar. Har yau tsofaffin Maraɗi da Damagaram suna kiran yunwar shekarar da sunan Buhari. Waɗanda aka mayar ɗin nan Hausawa ne irinmu, wasu kakanninmu ɗaya.

Kai, takarda ba ta bar ɗan gida ba ma. A Janairu 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu ta dawo da shi. In ɗan majalisa ya kwana a ƙasarsa ya tashi baƙo, ina ga mai shayi?

Ta ɓangaren Saudiyya, fatoma ya dawo da wata riga, ana ce masa kafili. Igamarka a ɗaure take da sunansa. Bambancin shi ne, fatoman da kai ka zaɓe shi, in bai yi maka ba ka sauya zaure, shi kuma yana tsoron ɓacin suna a garinku. Kafili bai san garinku ba. Waɗanda suka shiga da bizar Umara suka zauna kuwa ba su da ko kafilin. Su ne ke kwana da kunne ɗaya saboda jawazat, ba asibitin gwamnati, ba makarantar yara, ba kai ƙara in an hana su haƙƙinsu, ƙarshenta gidan tarhil. A 2013 hukuma ta ba da wa'adin gyara takardu da ya ƙare a farkon Nuwamba, a 2017 ta sake ba da wani na kwana 90 don mutum ya fita ba tara. Bayan kowane wa'adi sai kame, sai jirage su yi ta sauke mutane a Kano, ciki har da waɗanda aka haifa a Jidda ba su taɓa ganin Najeriya ba. Labarin Kumasi ne sak, sai dai wannan karon da Larabci. Ta arewa kuma, a Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara daga yankin Kance, motarsu ta lalace. Har yanzu Aljeriya na sauke mutane a kan iyaka su taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka.

To ina maganar inshora? Mun san da yawanmu na ƙyamarta, kuma ba a banza ba. Malamai sun ga garari a cikinta, wato sayen abin da ba ka san ko za ka samu ba, sun ga kamar caca, sun ga riba a inda kamfani ke juya kuɗin. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Wannan ita ake kira takaful: kowa ya zuba da niyyar kyauta, wanda masifa ta faɗa wa a cire a ba shi, abin da ya yi saura na masu zubi ne. Asalinta na nan a aƙila, dangin da ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure, da kuma Ash'ariyawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba musu saboda in abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka buɗe shi a 1979. A Najeriya hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoninsa a nan Abuja.

Ko mutum ya so ko ya ƙi, ƙasashe sun riga sun ɗaura ta a jikin biza. Ƙasashen Turai na Shengen ba sa duba takardarka sai da inshorar da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000 na jinya da dawo da mutum. Saudiyya tun 2020 ta sa ta cikin kuɗin bizar Umara. Direbobinmu masu shiga Kwatano da Maraɗi sun san katin inshorar mota na ECOWAS, wanda aka kafa tun 1982. A ra'ayinmu, abin da hukuma ta tilasta ba laifin matafiyi ba ne, inda kuma akwai zaɓi a nemi takaful. Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ya faru da yaron nan namu: inshorar da ke jikin biza tare da bizar take mutuwa. Ya ce mana ai ejan ya ce akwai inshora a ciki. Akwai, ta wata uku. Ranar da ya faɗi, ta yi wata ashirin da ɗaya da ƙarewa.

Kwana 90 ɗin ECOWAS ma har gobe kwana 90 ne. Yarjejeniyar 1986 ta ba da haƙƙin zama, amma sai ka je ka nemi katin zama a ƙasar da kake. 'Yan kasuwarmu a Gana sun ga haka a 2019 da 2020 da aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya, ana kafa hujja da dokar 2013 da ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan 1. Ga shi kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairu 2025. An ce dai a ci gaba da karɓar takardun juna har sai an ga abin da hali ya yi, amma mu da muka ji labarin 1969 mun san nauyin irin wannan magana. A unguwar nan akwai 'yan'uwanmu na Nijar da suka shekara ashirin tare da mu, sahu ɗaya, maƙabarta ɗaya. Hedikwatar hukumar shige da fice tana nan Sauka, a kan titin filin jirgin nan da muke bi kullum, ba ta kai kuɗin mota na kirki ba. Muna roƙonsu, don Allah, su je su tambayi yadda ake yin katin zama tun ana fara'a.

Mu kanmu da muke da koren fasfo, kada mu manta a ina muke zaune. Kuchigoro garin Gbagyi ne, su suka karɓe mu, sarkinsu ya nuna wa na farkonmu inda za su kafa bukka, sarkin Hausawa ya tsaya wa na baya. Tsarin zango ne tsantsa. Amma dokar da ta kafa Abuja a Fabrairu 1976 ta sa ƙasar birnin tarayya duka a hannun gwamnatin tarayya, kuma waɗanda suka ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 a Karmo da Idu da gefen titin nan sun san abin da takardar cinikin fili ta hannu ke yi a gaban katafila. 'Yan'uwanmu na Gwoza da ke sansanin Sabon Kuchigoro tun 2014 su ma ga su nan, 'yan ƙasa ne, amma zaman nasu na jiran sanarwa ne.

Bayan abin da ya faru, dattawan masallaci sun zauna sun yanke abu biyu. Za a buɗe littafi a rubuta sunan duk ɗan unguwa da ke wata ƙasa, da garin da yake, da irin takardar da ya shiga da ita, da ranar ƙarewarta, da sunan wanda ya san shi a can. Littafin zai zauna a hannun liman da mutum biyu, ba mai gani sai su, don mun san akwai waɗanda zamansu ya riga ya wuce wa'adi kuma iyayensu na jin nauyin faɗa. Na biyu, za a fara zubin wata-wata na asusun jinya da dawo da wanda ya maƙale, kuma an wakilta mutum uku su je su ji yadda takaful na ƙungiya yake, su kawo bayani. Za a yi zaman farko ranar Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, a harabar masallaci. Iyaye mata da ke da 'ya'ya a waje su aiko da bayaninsu ta hannun uwargidan liman.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanyar Gwanja da hanyar Sawakin da cikin sahara, ya dawo mana da na waje lafiya.